Shitu Lasifika da Likitan Hajiya Asma'u

Duk wanda ya taɓa shiga manyan kasuwannin takalma na Zhanxi Lu, can kusa da tashar jirgin ƙasa a Guangzhou, ya ji muryar Shitu ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Murya ce mai kauri, tana fitowa daga ƙananan lasifikun hannu da 'yan China ke ratayewa a ƙofar shago, irin waɗanda ake naɗar magana a ciki su yi ta maimaita ta har batir ya mutu. Baƙon da ya sauka daga Kano jiya yakan tsaya cak, ya waiga hagu da dama yana neman ɗan'uwan da ke kiransa da Hausa, sai ya ga babu kowa sai wani ɗan China yana cin taliya da tsinke. Mai muryar kuwa idan aka nuna maka shi sai ka ji kamar an cuce ka. Siriri ne, gajere, da ɗan gemun da ya ƙi cika, kullum da jakar goyo da hular da ta sha wanki har ta manta launinta. Ba wanda ya san inda yake ajiye wannan murya a jikinsa.

A kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ya tashi. Aikinsa na farko shi ne tsayawa a bakin shagon Hajiya Asma'u mai takalma yana kiran masu wucewa, kuma ya iya kiran har maƙwabta suka kai ƙara wai yana kwashe musu masu saye tun daga bakin titi. Hajiya ta ji ƙarar ta yi dariya, amma ita wani abu daban ta lura da shi. Duk girman bakin Shitu, bai taɓa ɗaukar maganar shagonta ya kai wani shago ba. Da ta buƙaci wanda zai zauna mata a China, shi ta zaɓa. Ita ta yi masa fasfo, ita ta hau jirgi da shi karon farko, ita ta ɗaura masa bel ɗin kujerar jirgi da hannunta da ta ga yana neman ya ƙulla shi kamar mazagi. Shitu bai taɓa manta wannan ba, kuma a ransa ba ya raba Hajiya da mahaifiyarsa sai da kaɗan.

Ya kama ɗaki a Dengfeng, unguwar masu sayar da waya da 'yan canji da ƙananan gidajen abinci na baƙar fata, ya zama ejan. Aikin ejan shi ne ya tari ɗan kasuwa, ya kai shi shaguna, ya yi ciniki da kalkuleta da hannu da ƙafa, ya bi kaya har su shiga kwantena. Amma ainihin jarin ejan shiru ne. 'Yan kasuwar Kano a Guangzhou suna cin tuwo a kwano ɗaya, suna sallah a sahu ɗaya, idan ɗaya ya yi zazzaɓi sauran su yi ta sintiri da shayi. Sai dai ka tambayi mutum inda yake sarin kayansa, nan take za ka ga ya tuna yana da waya da zai amsa.

Sirrin Hajiya wani takalmin mata ne mai ɗan tudu da duwatsu masu ƙyalli, wanda ba ya cin ƙafa ko an wuni da shi a gidan biki. Matan Kano suka sa masa suna sa-ki-huta, kuma duk Wambai ita kaɗai ke da shi. Tana samo shi a wurin wani Lawban Chen, lawban kuwa shi ne maigida da yarensu. Shagonsa yana hawa na can sama, ƙarshen lungu, bayan an wuce banɗaki da tarin kwalaye. Hajiya ta hana a ambaci shagon ko a waya. Idan za ta je sai ta ce wa sauran Hajiyoyin da ke otal za ta wurin likita saboda gwiwarta, har ɗingishi take yi daga ƙofar otal zuwa bakin titi. Shekara da shekaru matan nan suna yi mata addu'ar samun sauƙi, suna kawo mata man zafi da saiwoyi daga gida. Mutum biyu ne kawai suka san likitan takalma yake sayarwa, ita da Shitu.

Waƙa kuwa ta shigo rayuwar Shitu ne ta hanyar tsohuwar waya. Ya saye ta a Dengfeng, ya tarar mai ita na da ya bar waƙoƙi a ciki, duk na mace ɗaya. Da ya kunna, ya ji mai ƙaho ya nufi gabas, mai fiyano ya nufi yamma, ita kuma mawaƙiyar ta shigo a makare kamar ba ita ake jira ba. Ya mayar da wayar ya ce ta lalace, tana haɗa waƙa biyu a lokaci guda. Mai shagon ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce ba lalacewa ba ce, kiɗan jaz ne na Amurka, haka yake. Shitu ya tafi yana ƙunƙuni. Kafin mako ya zagayo ya daina ƙunƙunin, ya koma tafiya da abin saurare a kunne, yana wuce tasharsa a jirgin ƙasa.

Abin da ya fi kama shi shi ne inda kalmomi ke ƙare wa matar amma ta ƙi yin shiru, ta ci gaba da wasu surutai marasa ma'ana, tana hawa tana sauka, makaɗa na binta a guje. Shitu ya ce wannan ba Turanci ba ne, wannan yaren kowa ne.

Abokinsa Zakaria, ɗan zangon Kumasi mai harkar kago, wato aika kayan 'yan kasuwa gida a jirgi, shi ya iya Turanci, shi ya binciko masa tarihinta. Baƙar fata ce, 'yar mai wankau. A coci ta fara waƙa, ta yi wankin kwanoni a wani gidan abinci, har matar da ke da gidan ta ji ta tana rerawa a kan tukunya ta tura ta gaban mutane. Daga nan ta yi ta fitar da faifai har tsufa. Shitu ya kasa faɗin sunanta, kuma ya ce ko ya iya, ba tarbiyya ba ce a kira babba da suna gatsal, don haka ya sa mata Gwaggo.

"Yanzu tana ina?" ya tambaya.

"Chale, abokina, ya daɗe da mutuwa," in ji Zakaria, wanda a Hausarsa ta zango mace da namiji duk "ya" ne. "Tun ba a haife ka ba."

Shitu ya ajiye cokali. Ranar bai fita kasuwa ba. Labari ya bazu a Dengfeng cewa gwaggon Shitu ta rasu a Amurka, mutane suka yi ta hawowa ɗakinsa suna ta'aziyya, wani ma ya kawo lemo da ruwan roba. Shitu ya zauna a tabarma yana amsa gaisuwa, ya rasa ta inda zai fara bayani, ya ga kuma ai da gaske ransa a ɓace yake, sai ya bari kawai aka ci gaba.

Faifansa na farko a shagon silifas ya yi shi. Lasifikar shagon tana ta ihu da wani Turanci mai kama da faɗa, Shitu ya nuna wa mai shagon da hannu cewa babu Bakanon da zai tsaya wa wannan. Mutumin ya miƙo masa lasifikar, ya nuna masa jan maɓallin da ake dannawa a naɗi murya. Niyyar Shitu ya ce ga silifas ga araha ya wuce abinsa. Amma da ya buɗe baki sai Gwaggo ta shigo:

"Silifas, silifas, zo ki taka ki ji,
Dabadi-dum, ƙafarki ta gode,
Zabadi-zau, zabadi-zau!"

Kafin azahar shagon ya cika da 'yan Kano da 'yan Nijar, wasu sun zo saye, wasu sun zo ganin mahaukacin. Mai shagon bai damu da dalilin zuwansu ba tunda sun shigo. Ya saka wa Shitu da silifas, amma irin na samfur da ake ajiyewa a kan kanta, wato ƙafa ɗaya. Haka sauran shagunan suka ɗauki al'adar. A yau idan ka shiga ɗakin Shitu za ka ga takalma har kusa da rufi, masu tsada da masu kyau, duk na ƙafar dama.

Daga nan aka sa masa Shitu Lasifika. Zakaria ya naɗa kansa masanin waƙoƙinsa, ya raba su zamani-zamani kamar yadda ya karanta an yi wa na Gwaggo. Akwai Zamanin Silifas, lokacin ƙuruciya da zafin jini. Akwai Zamanin Kambas, da muryar ta nuna. Sai Zamanin Takalmin Makaranta, wanda Shitu ya yi yana fama da mura, kuma Zakaria ya rantse duk cikinsu babu mai zurfinsa, wai har hawaye ya yi a gaban shagon.

Su kuma 'yan China, ba sai an koya musu kwafi ba. Wanda bai samu Shitu ba sai ya lallaɓo da tasa lasifikar, ya haɗa bakinta da ta maƙwabcinsa, ya danna jan maɓalli. Wani ya kwafa daga wanda ya kwafa, har muryar ta koma kamar ta bunsuru a cikin rijiya. Mai sayar da jakunkuna ma ya kwafi waƙar silifas, ba ruwansa. Da Zakaria ya gaya wa Shitu cewa ita ma Gwaggo kamfanonin faifai sun sha cinye mata haƙƙi, sai ya ji wani irin daɗi, ya ce lallai hanya ɗaya suke.

Hajiya ta san da wannan sana'a, ba ta hana ba. Abin da ta ce kawai shi ne ya yi ta waƙarsa wa silifas, amma ya tuna abin da ya kawo shi.

Wata rana suna cin shinkafa da wake a Dengfeng, Zakaria ya ce masa ai duk faifan Gwaggo babu kamar wanda ta yi wa matar nan mai gidan abinci da ta fitar da ita daga wankin kwanoni. Maganar ta tsaya wa Shitu a rai. A inda ya tashi, mawaƙin da ya ci abincin mutum, ya sa rigarsa, ya hau jirginsa, sannan bai sa sunansa a waƙa ba, butulu ake ce masa. Ya yi wa silifas waƙa. Ya yi wa kambas. Ya yi wa takalmin yara mai ƙara idan an taka. Matar da ta ɗaura masa bel a jirgi kuwa ko baiti ɗaya bai yi mata ba. Kunya ta kama shi sosai, irin wadda ke hana mutum jin daɗin abinci.

Ana cikin haka ya hau wurin Lawban Chen duba odar Hajiya. Chen ya kama hannunsa ya jawo shi ƙofar shago, ya nuna masa lungun fayau babu kowa sai mai shara.

"Kowa yana da waƙa," in ji shi da guntun Turancinsa. "Ni meyo." Meyo shi ne babu.

Shitu ya san bai kamata ba. Amma ya ce wa kansa takalmin kawai zai yi wa, ba zai ambaci kowa ba. Ya karɓi lasifikar, ya gyara murya, ya danna. Baitin farko ya tafi lafiya. A na biyu waƙar ta yi zafi, ƙafarsa ta fara bugun ƙasa, ya rufe ido, sai ya ji bakinsa yana cewa:

"Sa-ki-huta, dabadi-dum,
Hajiya Asma'u ta Ƙofar Wambai,
Uwar masu gida, mai shagon gaba,
Nan take saye, nan take saye, zabadi-zau!"

Da aka kunna masa ya saurara, tsigar jikinsa ta tashi. Bai taɓa waƙa irin wannan ba, har makarar nan ta Gwaggo ya samu daidai. Yatsansa ya je kan maɓallin gogewa ya dawo. Ya duba lungun, ya ce ai nan ban da mai shara da ɓeraye babu mai ji, su kuma ba su da shago a Wambai. Ya sauko yana jin ya sauke nauyi.

Ba a daɗe ba Hajiya ta bugo waya daga Kano, muryarta a cunkushe. Tana tafe, amma tare da Hajiya Rekiya, maƙwabciyarta a kasuwa, wadda ta daɗe tana farautar inda ake samo sa-ki-huta. Wannan karon Rekiya ta ce ita ma gwiwarta ta fara ciwo, lallai sai an kai ta wurin wannan likita da ake ta yabo.

"Ga yadda za mu yi," in ji Hajiya. "Mu fara zagaya da ita ƙasan kasuwar har ta gaji ta koma otal. Sannan mu hau. Ka je ka gaya wa likita ya ɓoye samfur daga kan kanta."

Da safiyar ranar da za su shigo kasuwa, Shitu ya riga su zuwa. Tun daga ƙofar ƙasa ya ji ta. Nan take saye, nan take saye. Lawban Chen ba wawa ba ne, ya ga ba amfanin waƙa a lungun da babu kowa, ya ɗauko lasifikar ya ɗaure a kan matakala mai tafiya da kanta, inda muryar ke sauka har hawa na ƙasa. A ƙarƙashinta ya manna wata ƙatuwar jar kibiya mai nuna hanyar shagonsa.

Shitu bai san lokacin da ya kai sama ba. Ya roƙi Chen da Hausa, ya roƙe shi da Turanci, ya roƙe shi da 'yan kalmomin Sinancin da ya iya, waɗanda duk na ciniki ne, ba ko ɗaya ta neman gafara. Chen ya zuba masa shayi, ya ce tun da ya sauya wa lasifikar wuri 'yan Yamai da 'yan Kumasi ke ta shigowa, don me zai kashe abin da ke kawo kasuwa? Shitu ya fito ya jingina da bango. Idan Rekiya ta ji wannan waƙa ta bi kibiyar nan, sa-ki-huta ya zama na kowa, shi kuma ya gama yawo a wurin Hajiya.

Yana tsaye sai ya hango mai shagon takalmin ruwa ya lallaɓo, lasifika a bayansa, ya haɗa bakinta da ta Chen. Shitu ya ƙura masa ido. Daga nan ya zabura.

Abin da ya yi a safiyar nan har yau ana ba da labarinsa a Dengfeng. Ya ari lasifikar mai takalmin ruwa, ya bi shago-shago, hawa-hawa, yana cewa sabuwar waƙa, kyauta, ku kwafa. Wanda ya yi jinkiri ya danna masa maɓallin da kansa. Zakaria ya baro kagonsa ya zo ya kama hawa na biyu. 'Yan China da suka ga kibiyar Chen suka ce lallai tana cikin sirrin, kowa ya yanko jar takarda ya manna tasa tana nuna shagonsa. Kafin rana ta take, duk ginin ya ɗauka, sama da ƙasa, wata lasifikar na gaba wata na baya, wata da murya garau wata da muryar bunsuru.

Hajiyoyin biyu suka shigo, kowace na ɗingishi. Hajiya Asma'u ta taka ƙofa ke nan sunanta ya faɗo mata daga ko'ina. Hajiya Asma'u ta Ƙofar Wambai, in ji hagu. Nan take saye, in ji dama. Zabadi-zau, in ji sama. Wasu Alhazan Kano da ke ciniki suka juyo gaba ɗaya, wani ya ɗaga mata hannu kamar 'yar takara.

"Asma'u," in ji Rekiya, "ashe kasuwar taki ce ba ki faɗa ba?"

Hajiya ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Rekiya kuwa ta manta da gwiwa, ta faɗa shagon farko da kibiya ta nuna. Takalman ƙwallo ne. Ta fito ta faɗa na biyu, ta tarar da manyan takalman leburori masu ƙarfe a baki.

"Ke kuwa me kike yi da waɗannan? Gini kika fara?"

Ta shiga na takalmin ruwa, ta shiga na jarirai, ta shiga wani da ba ya sayar da komai sai igiyar takalmi. Ko'ina lawban ya tare ta da fara'a, ya nuna lasifika, ya gyaɗa kai cewa tabbas nan ne. Can wajen la'asar gwiwarta ta fara ciwo da gaske. Ta zauna a kan kwali ta ce a nemo mata tasi, ita ta yafe likitan da takalmin duka. Ko rabin hanyar lungun Chen ba ta kai ba.

Shitu na biye da su da jakunkuna, zuciyarsa ta fara dawowa wurinta. Har ya fara jin kansa. A ganinsa ba kowane ejan ne zai iya ɓoye shago ɗaya a cikin kasuwa guda ba, kuma ya soma tsara yadda zai amsa yabo cikin ladabi. Bai lura ba cewa tun da suka shigo Hajiya ba ta dube shi ba ko sau ɗaya.

Washegari ta kira shi gidan abinci a Dengfeng. Ta sa aka kawo masa tuwo da miyar kuka da nama, ta zauna tana kallonsa har ya cinye ya wanke hannu.

"Waƙar ta yi daɗi," ta ce.

"Na gode, Hajiya."

"A cikin shagunan nan duka, guda ɗaya gaskiya yake faɗa. Wa ya fara ba shi?"

Shitu ya sunkuyar da kai. Ya ce shi ne. Ya ce ba da niyya ba ne, bakinsa ne ya kuɓuce. Ya ba ta labarin Gwaggo da matar mai gidan abinci, ya ce ya ga ya yi wa silifas waƙa bai yi mata ba, ya ji kunya. Ya ce don ya gode mata ne.

"Na sani," in ji Hajiya. Muryarta ba faɗa a ciki, shi ya fi tayar masa da hankali. "Shitu, masu ihu sun cika Wambai, da ihu nake nema da ban hau da kai jirgi ba. Shirunka na saya. Da mugunta ce ta sa ka, sai in ce ka tuba, ka tuba, mu ci gaba. To ƙauna ce. Za ka sake."

Ta biya kuɗin tuwon, ta gyara mayafinta ta fita. Ba ta yi ɗingishi ba, don babu wanda za ta yi wa.

Shitu ya ɗauka fushin kwana biyu ne. Ya jira waya, ba ta zo ba. Ya buga, aka ce Hajiya na ciniki. Sauran 'yan kasuwa ba su guje shi ba, wasu ma sun ƙara nemansa don su yi hoto da shi, amma ya lura kowa shagunan da duniya ta sani yake bari ya kai shi. Da lokacin zuwan Hajiya ya zagayo, Zakaria ne ya gaya masa ta sauka, kuma ta ɗauki sabon ejan, wani ɗan Maraɗi mai suna Maidaji, mutumin da ko sallama sai an roƙe shi yake amsawa.

A ranar Shitu na tsugune a ƙofar wani shagon safa a hawa na ƙasa, zai yi musu waƙa. Ya gyara murya, ya danna jan maɓallin, ya ɗago kai ke nan sai ga ta. Tana tafe a hankali, Maidaji a bayanta da jaka, fuskarsa kamar an aiko shi gidan mutuwa. Shitu ya miƙe, lasifikar na hannunsa, ya manta da safa, ya manta da Gwaggo, ya manta maɓallin a danne yake.

"Hajiya! Hajiya, ki tsaya. Don Allah ki yi haƙuri. Hajiya, ni ne."

Muryar ta karye masa a tsakiya. Hajiya ta ɗan rage tafiya, har ya ɗauka za ta juyo, sannan ta hau matakala ta tafi sama. Shitu ya miƙa wa mai shagon lasifikarsa, ya fita.

Mai shagon bai iya Hausa ba. Ya kunna ya saurara, ya ga gajeriya ce kuma babu dabadi-dum, ya ɗauka sabon salo ne, ya rataye ta. Nan da nan wata Hajiya 'yar Sakkwato da ke wucewa ta tsaya cak ta waigo, ta ce wane ne, me ya faru? Tana neman mai ba ta haƙuri ta tsinci kanta a cikin shago, ta fito da safa. Bayanta wata ta tsaya, bayanta wata. Kusan duk macen da ke zuwa sari daga gida Hajiya ce, kuma babu wadda za ta ji ɗan mutane yana roƙonta da irin wannan murya ta wuce. Maƙwabta suka lallaɓo da lasifikunsu. Kafin wata ya ƙare an goge waƙar silifas, an goge ta kambas, an goge nan take saye, ginin duka ya koma ba da haƙuri.

Zakaria ya ce wannan shi ne babban faifansa, ko Gwaggo ba ta yi irinsa ba. Shitu kuwa ya ci gaba da aikin ejan, yana raka ƙananan 'yan kasuwa, amma idan zai shiga ginin ta ƙofar masu dako yake bi, inda ba a ji sosai.

Har yau abin na nan. Ka tsaya a bakin ƙofa ka gani, duk Hajiyar da ta shigo sai ta tsaya ta waiga. Hajiya Asma'u na zuwa sari kamar yadda ta saba, tana bi ta ƙarƙashin lasifikun nan ɗaya bayan ɗaya da Maidaji a bayanta, har ta kai matakala. Ita kaɗai ce ba ta waigawa.